Tambaya da Amsa: An ba ni Akiyoloji a jami'a, in karɓa ko in jira baɗi?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda aka fara sakin sunayen waɗanda suka samu admishan saƙonni ke ta shigowa a kan kwas ɗaya, wato akiyoloji, kuma da yake shi na karanta sai na ga gara in ware filin wannan watan gaba ɗaya a kansa. Ga huɗu da na zaɓa.

TAMBAYA TA FARKO

Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce daga Funtuwa, shekarata 18, lauya na nema a JAMB amma da sunaye suka fito sai na ga an ba ni wani kwas wai akiyoloji, wallahi ko sunan ban taɓa ji ba sai ranar. Ƙawayena sai dariya suke min wai zan zama mai haƙar rami. Dan Allah mene ne shi, kuma in mutum ya gama aikin me zai yi? In karɓa ko in sake zana jarrabawa baɗi?

AMSA

Ƙanwata sannu, na san ciwon abin. Bari in fara da ma'anarsa. Akiyoloji shi ne sanin yadda mutanen can baya suka rayu ta hanyar abin da suka bari a ƙasa, tsingaron tukunya, gawayin murhu, ƙashin dabbar da suka ci, dutsen niƙa, kashin maƙera, dutsen ado na tsakiya, kuɗin wuri, tushen ganuwa, rijiyar da ta cike. Mai karatun tarihi yana dogara da rubutu da abin da aka ji daga bakin dattijai, to amma kin san rubutu bai yi nisa can baya ba, kuma wanda aka rubuta ɗin ma yawanci labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, ba wanda ya zauna ya rubuta abin da matar manomi ta dafa shekara dubu biyu da suka wuce. Tukunyarta ce kawai za ta faɗa miki.

Kuma tana faɗa. Kin ji labarin Nok a kudancin Kaduna ai, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya wajen 1943 aka kai wa wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, wani kai na yumɓu da wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, shi ne ya gane cewa abin nan al'umma guda ce ta yi shi, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. To masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a yankin tun 2005 tare da abokan aikinsu 'yan Najeriya sun nuna mutanen nan sun fara zama a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gero suke nomawa da wake, kuma da aka kai tsingaron tukwanensu ɗakin gwaji aka tarar da ragowar kakin zuma da ya shige cikin yumɓun, wato shekara 3500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar nan kuma ga shaida a hannu. Ni har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Ga kuma kwalekwalen Dufuna a Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8000, babu jirgin ruwan da aka samu a duk Afirka da ya kai shi tsufa. Ki duba inda Yobe take yau da ƙarancin ruwanta, ki tambayi kanki wane irin ruwa ne a wurin a lokacin da har mutum zai sassaƙa jirgi mai wannan tsawon. Irin tambayoyin da za ki shekara huɗu kina koyon amsawa ke nan.

Yanzu abin da za ki tarar a aji. Shekarar farko da ta biyu akwai karatu sosai, tarihin ɗan Adam tun zamanin da yake sassaƙa dutse ya yi makami, farkon noma da kiwo, farkon narka tama, yadda birane suka kafu, sannan ɗan ilimin ƙasa da duwatsu, zanen taswira, awon fili, ɗaukar hoto, da yadda ake adana kaya a gidan tarihi. Za a koya miki yadda ake gane shekarun abu. Babbar hanyar ita ce ta gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone, domin duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa na tafiya duk shekara 5730, to in aka auna abin da ya rage sai a lissafo. Wannan awon yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Matsalar ita ce yawanci sai an tura samfurin waje kuma da dala ake biya, shi ya sa za ki ga malami ya yi tono mai kyau amma kayansa na ajiye a kwali shekara da shekaru ba a auna ba. Wannan yana daga cikin abubuwan da ke min ciwo a fannin nan.

Sai kuma fita daji, wanda shi ne zuciyar kwas ɗin. Bari in ba ki labarin fitarmu ta farko. Lokacin hunturu ne, aka kai mu wani kufai a gindin dutse, muka kwana a ajin firamaren ƙauyen, da safe aka fara zuwa gaida mai gari domin ba a taɓa ƙasar mutane sai da izininsu. Aka ja igiya aka kafa ƙusoshi, mita biyu tsawo mita biyu faɗi, shi ke nan ramin namu. Ba diga ake kaftawa ba yadda ƙawayenki ke zato, cokalin magini ne ɗan ƙarami da burushi, ana kankare ƙasa santimita goma goma, duk kwanon sarki ɗaya da aka cika sai an zuba a rariya an tankaɗe, abin da ya rage a sa a leda a rubuta lambar rami da zurfi. Kwana uku ba mu wuce gwiwa ba. A rana ta huɗu na ɗago wani tsingaro na goge shi, sai ga shatin babban yatsan wadda ta gina tukunyar a jikin bakin, ya fito raɗau har da layukan fatar, na ɗora nawa yatsan a kai ya zauna daidai. Na daɗe a tsugune ban ce komai ba.

Da yamma malaminmu ya ɗebi tsingaron ya kai wa wata tsohuwa maginiyar tukwane a ƙauyen, ta jujjuya ɗaya ta ce wannan adon da totuwar masara aka murza shi, wancan kuma da igiya aka yi, ita kakarta da igiya take yi. Malam ya juyo ya ce mana to kun ji, masara daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500, saboda haka duk inda kuka ga adon totuwa kun san wannan shimfiɗar ƙasar ba ta wuce haka tsufa ba, haka ma in kun ga lofe, domin taba ma daga can ta zo. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba amma ita ta ba mu darasin ranar.

Maganar ke mace ce kada ta dame ki, da hijabinsu abokan karatunmu suka yi tonon nan kuma wajen tankaɗe da rubuta bayanai sun fi mu natsuwa. Farfesa Adebisi Sowunmi ta jami'ar Ibadan mace ce, da ƙurar furannin da ta daɗe a binne take gano irin itatuwan da suka taɓa tsirowa a wuri da yadda yanayi ya sauya, kuma duniya ta san ta a kan haka.

To batun aiki, nan ne ba zan yi miki daɗin baki ba. Guraben da ke neman mai digirin akiyoloji kai tsaye kaɗan ne. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, mai gidajen tarihi a Jos da Kaduna da Kano da Legas da sauran garuruwa, akwai hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, akwai koyarwa a jami'a in kin yi digiri na biyu da na uku, akwai harkar yawon buɗe ido, akwai kuma manyan ayyuka irin na hanya da madatsar ruwa da bututu waɗanda masu ba da bashi irin Bankin Duniya ke sharɗanta a duba ko akwai kufai ko maƙabarta kafin a sa katafila. Amma ɗaukar aikin ba kullum ba ne, albashin kuma na gwamnati ne kin san shi. Da yawa daga 'yan ajinmu banki suka tafi, wasu aikin ɗamara, wasu jarida, wasu kasuwa, kamar dai masu sauran digirori. Waɗanda na ga sun ci moriyar fannin sosai su ne waɗanda suka haɗa shi da wata sana'ar hannu tun suna makaranta, musamman zana taswira da kwamfuta, ɗaukar hoto da ƙaramin jirgi mara matuƙi, ko Faransanci, sannan suka fita da sakamako mai kyau, domin fannin ba cunkoso, malami yana sanin ɗalibinsa da suna, kuma tallafin karatu zuwa Jamus ko Ingila ya fi sauƙin samu a nan fiye da kwasa-kwasan da mutum dubu ke layi.

Shawarata, ki karɓa ki shiga. Zaman gida shekara guda ba tabbas baɗi za a ba ki lauyan. In kin shiga kin ga ranki bai kwanta ba, jami'o'i da dama na barin ɗalibi ya nemi canjin kwas bayan shekarar farko in makinsa ya yi kyau, ko da yake shiga lauya ta wannan hanyar akwai wuya saboda an ƙayyade musu adadin ɗalibai, kuma ko bayan kin gama kina iya komawa ki karanta lauyan a matsayin digiri na biyu. Amma ki ba shi zango ɗaya da zuciya ɗaya tukuna, ki jira fitar daji ta farko kafin ki yanke hukunci.

TAMBAYA TA BIYU

Malam ni uba ne daga Zariya. Yarona ya dage sai wannan karatu, ni kuma abin da nake ji shi ne tonon kaburbura suke yi da tara gumaka, ga kuma maganar aljanu a irin waɗannan kufai. Ina tsoron kada in biya kuɗi yaro ya je ya lalata imaninsa.

AMSA

Alhaji Allah ya ƙara girma, tsoronka na uba ne kuma yana kan hanya, ba zan raina shi ba. Ni ba malamin fatawa ba ne, abin da ya shafi hukunci a tambayi malamai, amma zan gaya maka abin da ake yi a aikace domin in za a tambaya a tambaya a kan gaskiyar abin.

Kaso mafi yawa na aikin nan ba ruwansa da kabari. Juji ake tonawa, da tsohon murhu, da wurin da aka narka tama, da gindin ganuwa. Nan kusa da kai ga Kufena ga Turunku, ga wuraren narkar da ƙarfe da aka tona a Samaru, duk aikin masu wannan karatu ne ya fito da shekarunsu. A Kano ma binciken da aka yi a dutsen Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara ganuwa. Maƙabartar da mutane suka san ta, suke da 'yan'uwa a ciki, ba a zuwa a tona ta, ba mai gari da zai yarda kuma ba malamin kirki da zai nema. Yakan faru ana cikin tono a ci karo da ƙashin mutum na zamanin da ba wanda ya san da shi, a nan akwai ƙa'ida, a tsaya, a sanar da hukuma da masu gari, a yi abin cikin mutunci. Ba zan ɓoye maka ba akwai wuraren da kaburbura ne aka tona da gangan, kamar Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda Baturen mulki Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake a 1992, aka samu tasoshin tagulla da wuri da kayan ado na zinariya da suka nuna Katsina na cinikayya da ƙasashen Musulmi na nesa tun ƙarnoni da dama. Irin wannan ba aikin ɗalibi ba ne, kuma yaronka na da damar ya ce shi ɓangaren tukwane ko ƙira ko gine-gine zai bi har ya gama.

Su kuma mutum-mutumin, ba wanda ke musu sujada a sashen, lamba ake rubuta musu a auna tsawo a duba irin yumɓun a sa a kabad. Kuma ka duba ƙasashen Musulmi, jami'ar Alƙahira tsangaya guda ta ware wa wannan ilimi, jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad na koyar da shi, da shi aka bi hanyar alhazai ta Zubaida daga Kufa zuwa Makka aka gano rijiyoyi da tafkunan da aka gina wa mahajjata. Mu ma nan ga Surame birnin Kanta, ga Birnin Gazargamu, ga Hasumiyar Gobarau, ga tsofaffin masallatai na ƙasa da damina ke ci duk shekara, wa zai kula da su in 'ya'yanmu Musulmi sun guje wa fannin? Ni abin da na gani a kaina, tsayawa a kan kufan garin da ya taɓa cika da mutane yau ba kowa sai ƙaya, tsoron Allah yake ƙara wa mutum. Batun aljanu kuwa, addu'ar da manomi ke yi in zai shiga daji ita yaronka zai yi, mu ma da ita muke fita kullum.

Abu ɗaya zan roƙe ka Alhaji, ka shirya masa kuɗin fitar daji daban, domin sau da yawa ɗalibai ke haɗa kuɗin mota da abinci, kuma yaron da bai je ba ya yi asarar rabin karatun.

TAMBAYA TA UKU

Ina gaisuwa daga Damagaram. Ni ƙasusuwan manyan dabbobin nan na da da ake tonowa a ƙasar Agadas ke burge ni, shi ne akiyoloji? Kuma ina ake karanta shi?

AMSA

Ɗan'uwa ba shi ba ne, amma maƙwabta ne. Dabbobin nan sun ƙare miliyoyin shekaru kafin a yi mutum, masu binciken su ta ɓangaren ilimin ƙasa da duwatsu da na halittu suke shiga. Akiyoloji sai inda hannun ɗan Adam ya taɓa. Wani lokacin suna haɗuwa a fili ɗaya, kamar Gobero a cikin hamadar Tenere, inda ayarin wani mai bincike ɗan Amurka, Paul Sereno, suka je neman ƙashin dabbobin a 2000 sai suka faɗa kan maƙabartar mutanen da suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi lokacin da Sahara take kore. Nijar ai ta Allah ce wajen wannan arziki, ga raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous, ga Bura inda masanin Nijar Boubé Gado ya yi tono a 1983, ga Marandet da Azelik na masu narka tagulla, ga Kufan Kanawa nan ƙasarku. In kana so ka nemi sashen tarihi na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da cibiyar bincikenta ta IRSH, ka kuma leƙa gidan tarihi na Boubou Hama. A Najeriya akwai shi a Ahmadu Bello ta Zariya, da Jos, da Ibadan, da Nsukka, a Gana kuma akwai a jami'ar Legon. Darussan da ake nema sun bambanta, Ibadan misali tana ɗauka ta ɓangaren kimiyya da na adabi duka, saboda haka a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cike fom.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam ni manomi ne, ba karatun nake tambaya ba. Muna haƙar ƙasar bulo a gonata sai muka tarar da wasu tukwane a kife da wani abu kamar kan mutum na yumɓu. Wani ya zo ya ce zai ba ni kuɗi masu kauri in bar shi ya kawo yaransa su tone wurin. Me ka gani?

AMSA

Malam na gode da ka tambaya kafin ka amsa masa, da yawa ba sa tambaya. Kada ka yarda. Na farko doka ce, tun dokar 1979 da ta kafa hukumar NCMM ba a yarda kowa ya yi tonon kayan tarihi ba sai da takardar izininta, ba a yarda a saya ko a sayar ba sai ta hannun wanda ta amince wa, fitar da su waje kuwa laifi ne babba. Ranar da abin ya tashi shi mai sayen ba za a gan shi ba, gonarka ce ba ta gudu.

Na biyu kuɗin da ya kira masu kauri ba su kai komai ba a kan abin da za a sayar da kan nan a Turai, shi ya sa tun shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina da na Bura a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Masu binciken Nok da na ambata a sama akasarin wuraren da suka je sun tarar an riga an yi musu kaca-kaca, rami a kan rami, an fasa tukwane an watsar ana neman kai kawai. Kuma ka ga yadda ake fama a dawo da kayan masarautar Benin ta Najeriya da sojan Ingila suka kwashe a 1897, sai 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar da mallakar sama da guda 1000, fiye da shekara 120 ana abu ɗaya.

Abin da mutane ba su gane ba, shi kan yumɓun in an cire shi daga inda yake kwance rabin amfaninsa ya tafi. Gawayin da ke gefensa shi zai faɗi shekarunsa, ƙwayar hatsin da ta ƙone a cikin tukunyar ita za ta faɗi abin da suka noma, yadda aka kife tukwanen da abin da ke ƙarƙashinsu shi zai nuna ko gida ne ko wurin binne mutum, duk wannan shebur ɗaya ke shafe shi kuma ba ya dawowa.

Ga abin da za ka yi. A dakatar da haƙar bulo a wannan kusurwar. Kada a wanke komai, kada a zazzage ƙasar da ke cikin tukwanen, abin da bai fito ba a bar shi a inda yake. Ka ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, ka ajiye fartanya ko takalmi a kusa domin a gane girman abin, sannan ka mayar da ƙasa mai laushi ka rufe saboda rana da yara da awaki. Wanda aka riga aka ciro a naɗe shi da tsumma a sa a ɗaki inda ba danshi. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci domin ya zama kana da shaida, daga nan ku je gidan tarihi na gwamnatin tarayya mafi kusa da ku ko sashen akiyoloji na jami'a, ku nuna hotunan, kuma duk wanda ya zo ya ce daga hukuma yake a nemi katin aikinsa da takarda, in zai ɗauki wani abu ya rubuta ya sa hannu a gaban mai gari. Gonarka ba za a ƙwace ba don ka kai rahoto, in sun zo tono yawanci da rani ne bayan an kawar da amfani, 'yan makonni ne su mayar da ƙasa su tafi, kuma sukan ɗauki matasan garin aikin tankaɗe da ɗiban ƙasa a biya su. In ka samu matsala wajen gano ofishin, ka sake rubuto min sunan ƙaramar hukumarku in faɗa maka wanda ya fi kusa.